Yadda Ake Wanke Kafet a Gida Ya Fita Tas



Bara, ana saura kwana uku bikin yayata, Umma ta ce in wanke kafet ɗin falo. Tsakiyar watan Agusta ne, kullum hadari a sama. Na zazzage rabin ledar omo, na kwara ruwa, na dirje har hannuna ya yi ja, na shanya a kan katanga. Ranar biki kafet bai bushe ba, ga wani wari kamar na jiƙaƙƙen tsumman da aka manta a bokiti. A kan tabarmar aro baƙi suka zauna. Umma ba ta ce min komai a gaban mutane ba, amma har yau ina tuna kallon da ta yi min. Abin da na koya bayan wannan kunyar shi na kawo mana a darasin wannan makon.

Shara ta kullum saman kafet kawai take tsaftacewa. Yashi yakan nutse can ƙasan gashinsa, duk wanda ya taka sai ya goga shi da zaren, a hankali zaren ya tsinke, kafet ya tsufa tun lokacinsa bai yi ba. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, tsawonsu bai kai rabin milimita ba. Ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu suke ci, kashinsu kuma yana tayar da atishawa da ciwon asma. A kan wannan shimfiɗar ƙannenmu ke rarrafe, a kanta muke cin abinci.

Kuskurena na farko shi ne ranar da na zaɓa. Kafet ɗin da ya kwana ɗaya zuwa biyu da danshi, fumfuna kan fara kama shi, kuma ita ce mai warin nan. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, musamman hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'adda iska ke busar da kaya nan da nan. A fara da sassafe don a ci moriyar rana gaba ɗaya. In dole ta sa za a yi da damina, a goge tabon da ya fito kawai, a bar babban wanki sai ruwa ya ɗauke.

Kafin ruwa ya taɓa shi, a san irin kafet ɗin. Yawancin waɗanda ke kasuwanninmu saƙar inji ne da zaren roba, da yawa daga Turkiyya, inda birnin Gaziantep ya yi suna wajen wannan sana'a. Irin waɗannan suna jure ruwa da omo. Na ulu, kamar saƙar hannu ta Iran, shi ne mai wuyar sha'ani: ruwan zafi yana sa ya tsuke, kanwa da omo mai ƙarfi suna cinye gashinsa. Shi sabulun ruwa mai sauƙi yake so, da ruwan sanyi. A duba takardar da ke bayansa. In ta goge, a zare zare ɗaya daga gefe a kara shi a wutar ashana, amma a gaban babba. Ulu yakan yi ƙaurin gashi ya zama toka, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule. Sannan a jiƙa farin ƙyalle da ruwan sabulu a danna a wani lungu na kafet ɗin. Idan launi ya biyo ƙyallen, to rininsa na zuba, a kai wa masu sana'ar wankin.

Sai kaɗe ƙura. Wanda ya tsallake wannan, taɓo zai kwaɓa da hannunsa, domin ƙura da ruwa ba abin da suke haifarwa sai laka. A rataye kafet a kan katanga ko igiya mai ƙarfi, a daki bayansa da sanda har ƙurar ta daina tashi. A rufe hanci da takunkumi, mai asma kuma ya yi nesa.

Tabo kowanne da maganinsa, kuma kafin babban wanki ake bi ta kansa. Manja ko miya, a kankare da cokali, a barbaɗa garin sitaci ya tsotse man na ɗan lokaci, a share, sannan a sa sabulun wanke-wanke. Jini da ruwan sanyi ake fitar da shi, don zafi yana dafa furotin ɗin da ke cikinsa ya manne wa zare, kamar yadda ƙwai ke daskarewa a kasko. Cingam, a ɗora masa ƙanƙara ya yi tauri, sai ya ɓalle. Fitsarin jariri, a haɗa kofi ɗaya na ruwan khal da kofi ɗaya na ruwa a jiƙa wurin. A kowane hali dannawa ake yi da ƙyalle, daga gefen tabo zuwa tsakiyarsa. Gogewa da ƙarfi faɗaɗa shi take yi.

A nan akwai gargaɗin da nake roƙon kowa ya kai gida. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal ko ruwan wanke masai. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, mai ƙona ido da huhu, kuma a rufaffen ɗaki tana iya kisa. Dama bilic ba shi da aiki a wankin kafet, cinye launi kawai zai yi.

Yanzu a shimfiɗa kafet a kan siminti mai tsafta, in da hali inda yake da ɗan gangara. Cokali biyu na omo ya ishi bokiti mai lita 10. Na san wani zai ce ya yi kaɗan, ni ma haka na ce. 'Yan ajin kimiyya za su tuna cewa ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da jela mai son mai. Jelar ta kama maiƙo, kan ya ja shi cikin ruwa. Matsalar ita ce sabulun da ya rage a cikin zare bayan wanki ba ya daina aikinsa, yana ci gaba da kama datti daga ƙafafunmu. Shi ya sa kafet ɗin da aka cika wa omo yakan yi baƙi cikin 'yan makonni. A goge da buroshi mai laushi, ana bin inda gashin ya kwanta, yanki bayan yanki.

Ɗauraya ta fi wankin muhimmanci, kuma a nan ake gajiya a yi ha'inci. A kwara ruwa, a tura shi waje da gefen katako ko sandar goge ruwa, a sake kwarawa, har sai an danna ba kumfa ko kaɗan. A tanadi ruwan ɗauraya tun kafin a fara, ya ninka na wanki sau uku ko fiye, kada a tsaya neman mai ruwa kafet na kwance da kumfa.

Daga nan a naɗe shi a jingina a tsaye ruwan ya tsiyaye. Jiƙaƙƙen kafet yana da nauyi ƙwarai, a nemi mai kamawa. A shanya shi a kife, bayansa na kallon rana don kada launi ya koɗe, a inda iska za ta ratsa shi sama da ƙasa. Saman yakan yaudari mutum. A tura yatsa har gindin gashin, a shafa bayansa kuma, in an ji sanyi to da sauransa. Da ya bushe a shigar da shi kafin ƙurar hunturu ta sake sauka, bayan an goge daɓen ɗakin shi ma ya bushe sarai.