Na ceci zomon maƙwabta, an ce na sace

 Malam, raina a ɓace nake rubuto maka. Mun daɗe muna zaune da maƙwabciyata a nan Zariya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko gishiri ya yanke mata gidana take aikowa. Yau ita ce take faɗa a gidan suna wai na ɓoye zomon ɗanta.

Yaron ya sayo zomaye biyu da kuɗin barka da sallarsa. Da farko kullum yana kansu, daga baya ya sake su suna gararamba a lungu. Farin mai jan ido shi ne ya saba biyo rariya yana shigo min gida. Shekaranjiya da la'asar na ji haushin kare a ƙofa, ina leƙawa na gan shi ya maƙale bayan randa yana haki. Na kama shi a kunne na sa a kwali, na ba shi biredi da sauran tuwo, ko kallo bai yi ba. Da na duba sai na ga gashin ƙirjinsa da na cikinsa duk a tuge, fata a fili. Wa zai yi wa dabba haka in ba yaran da ba a kwaɓa ba? Shi ya sa na ce ba zan mayar ba.

Washegari ta aiko yaron, na ce ya gaya mata sai sun koyi riƙo. Ba ta tako ta ji ta bakina ba, sai magana ta dawo min wai nama nake kwaɗayi. Ni da na raba shi da kare? Da na bar kare ya cinye shi ai da babu mai kirana ɓarauniya. Maigidana ya ce in mayar a zauna lafiya, amma in na mayar ai na amsa abin da ta faɗa ke nan. Ga shi yana ta kartar kwali dare da rana. In riƙe shi ne, ko in kai ƙara wurin mai unguwa, ko in sa a kai shi bayan gari a saki kowa ya huta? Nama fa ta ce, Malam, a gaban mutane.

Mai karatu daga Zariya

 'Yar'uwa, na aika miki amsar nan ta waya tun safiyar da saƙonki ya iso, domin maganar ba ta jira. Na buga ta nan saboda masu kiwo irin yaron nan suna da yawa.

Kin cika takarda da abin da aka faɗa a gidan suna, amma ba ki gaya min ko zomon namiji ne ko mace ba. Ina kyautata zaton mace ce, kuma babu wanda ya tuge mata gashi. Macen zomo da bakinta take fige gashin ƙirjinta da na cikinta ta shimfiɗa wa 'ya'yanta idan haihuwa ta zo, bayan cikin kwana 31 ko kusa da haka. 'Ya'yan suna zuwa tsirara, idonsu a rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗe shi. Uwar ba ta kwanciya a kansu. Sau ɗaya ko biyu take zuwa a yini ta ba su nono na 'yan mintoci, ta toshe bakin ramin da ƙasa ta tafi, shi ya sa ma masu gida kan rasa sanin an haihu. Kartar kwalin nan da kike ji, wataƙila uwa ce take neman komawa wurin jariranta.

Ki shafa cikinta a hankali. Idan nonuwa sun kumbura, da alama ta haihu. Ki kira yaron, a kore karen, ku sake ta a lungun da magariba ku bi ta daga nesa ku ga inda za ta shiga. Idan ba ta haihu ba tukuna, a ba ta akwati da busasshiyar ciyawa a wuri mai duhu. Kafin nan ki ajiye mata ruwa da harawar gyaɗa ko ta wake, da ɗan ganyen dankalin Hausa ko zogale. Biredi da tuwo ba cimarta ba ne. Hanjin zomo da ciyawa yake aiki, haƙoransa kuma ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Zomon da ya yini ya kwana bai ci ba yana cikin haɗari, idan ta ƙi harawar ma sai likitan dabbobi, kuma kada a ɗura mata amoxicillin ɗin mutane, yana kashe su. Ki daina kamun kunne. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, domin idan ta fizge a iska bayanta na iya karyewa.

Maganar sakinta a bayan gari ki cire ta daga ranki. Zomon dawa da muke ji a tatsuniya daban yake, ana haifarsa da gashinsa da ido a buɗe, ga gudu. Na gida asalinsa daga Sifaniya da Fotugal ne, kuma tsatsonsa ya daɗe a hannun mutum. Farar zomanya a fili ba za ta ɓuya wa kare ko shaho ba.

Raba ta da kare da kika yi alheri ne, Allah ya ba ki lada. Amma kin san mai ita, don haka ba tsintuwa ba ce, kuma riƙe dabbar mutane don a koya musu hankali ba hurumin maƙwabci ba ne. Kin ce mayarwa amsa laifi ce. To ki tambayi kanki: ran zomon kike karewa yanzu, ko sunanki? Mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Wannan gargaɗin ya hau kan mai kwali, ya kuma hau kan iyayen da ke barin yaro ya sayi abu mai rai kamar kayan wasan salla, ya gaji ya watsar.

Abin da ya fi damuna a kiwon zomo a garuruwanmu shi ne ruwa da inuwa. Har yanzu ana cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Ƙarya ce, kuma mai shayarwa ta fi kowa bukata. Ba ya kuma gumi kamar mu, ta kunnuwa yake fitar da zafi. Da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala, mu kuwa a watan Afrilu har 40 muke gani. Keji ƙarƙashin kwano a tsakar gida kisa ne. A ɗaga shi daga ƙasa a sa a inuwa inda iska ke ratsawa, a raba namijin da macen, domin tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. Idan aka ga ɓawo a kunne ko hanci, kazuwa ce, tana warkewa a hannun likita. Ku da kuke Zariya ma ga Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a Shika, inda akwai masanan zomo.

Ki ɗauki zomanyar da kanki ki yi sallama a gidan, ki ce wa maƙwabciyarki, "Maman yara, da alama jarirai gare ta, mu nemo su." Ki koya wa yaron ruwa da harawa da inuwa, ki bar shi ya zo ya tambaye ki duk abin da ya shige masa. Zancen nama ki bar shi sai an ga bayan wannan, in ma har ya rage.