Kafin birkila ya aza bulo

'Ya'yana, ina ganin yadda kuke gine-gine yanzu, Allah ya sanya alheri. Gida ya tashi da matakala uku tun daga bakin zaure, an shimfiɗe tayil mai ƙyalli har banɗaki, ƙofar banɗakin kuwa sai mutum ya karkace kafin ya shige. Duk wannan an yi shi ne don mai ƙafa biyu da ido biyu. To amma gida ba na shekara ɗaya ba ne. Hawan jini na kayar da magidanci ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, hatsarin babur na kwantar da saurayi, ciwon suga na cin ido da ƙafa, tsufa kuma na nan tafe. Ko shan inna, da aka tabbatar a 2020 an kawar da asalin ƙwayarta daga Afirka, ta bar mana dubban mutanen da ta taɓa, suna nan cikinmu da iyalansu.

Mu Hausawa ba a bar mu a baya ba wajen tausayi. Mutum ya kwanta, za a ɗauke shi, a wanke shi, a ba shi abinci a baki. Lada ne, ba shakka. Sai dai ku tambayi wanda ake ɗauka ku ji. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sai ya kira wani kafin ya kewaya. Dattijon da ya riƙe gida shekara da shekaru zai gwammace ya rage shan ruwa da rana don kada ya dami surukarsa, ku kuwa kuna cewa ai Baba ba ya son ruwa.

Don haka ku fara da banɗaki. Mai ciwon gwiwa ko shanyewar jiki ba ya iya tsuguno a bakin masai. Mai walda na unguwa zai ƙera kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya, da hannuwa biyu na dafawa, a ɗora ta daidai kan ramin. A kafa bututun ƙarfe a jikin bango, a binne bakinsa cikin siminti sosai, domin nauyin mutum gaba ɗaya zai hau kansa. Wanda aka buga da ƙusa ranar da aka fi buƙatarsa zai fizgo. Ƙasa ta zama mai kaushi. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, don in mutum ya faɗi a ciki jikinsa kada ya tokare ta. A yi ɗan dakali na zama don wanka da alwala, buta da sabulu su kasance inda hannu zai kai ba sai an sunkuya ba.

Sai dokin ƙofa. Na san dalilin ɗaga shi, ruwan damina ne, ba kuma cewa nake a sauke ba. Gangare za a yi masa, amma da lissafi: kowane inci ɗaya na tudu yana son ƙafa ɗaya ta tsawo. Tudun bulo guda, inci tara, gangarensa ƙafa tara ke nan. Birkila zai ce ya cinye fili, ya so ya taƙaita. Kada ku yarda, gangare mai tsini kife keke yake yi. Faɗin ƙofa kuma ya kai ƙafa uku. Tsakar gida in yashi ne, ba sai an shafe ta duka ba. A ja siririyar hanya ta siminti daga ɗaki zuwa banɗaki zuwa zaure, don ƙananan tayoyin gaban keken asibiti nutsewa suke yi cikin rairayi.

Keken ma a duba. Mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda waɗanda shan inna ta taɓa suke ƙerawa da kansu a Kano, gwani ne a titi da kasuwa, amma ba ya juyawa cikin ɗaki. Kada kuma a sayo kowane iri don an same shi da araha. A kai mutum a auna shi, a sa masa matashi mai laushi, domin zama wuri ɗaya na haifar da gyambon da ke wuyar warkewa. Mai neman ƙafar roba ko takalmin ƙarfe, Asibitin Ƙashi na Dala na wannan aiki.

Makaho nasa ya fi sauƙin kuɗi, amma ya fi son ladabi. Ya haddace gidan da ƙafarsa, ya san taku nawa ne daga gado zuwa randa. Wanda ya kawar da kujera bai faɗa ba, ko ya bar turmi a hanya, ko ya bar ƙofa a rabin buɗe, shi ya fasa masa goshi. Igiya ɗaya da aka ɗaura daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki ta wadatar da shi da dare da rana.

Ku 'yan mata, in uwarku ce ta samu lalura, kada ku ƙwace mata madafa da sunan hutu. A sauko da risho ko gas kan ƙaramin teburi daidai zamanta, a jera gishiri da daddawa kusa, ta ci gaba da haɗa miyarta.

Gwamnati ta yi doka a Janairun 2019, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara don masu buƙata ta musamman. Wannan na ofisoshi da asibitoci ne, babu jami'in da zai shigo ya auna muku ƙofar ɗaki. Kafin ku kira birkila ko mai walda, ku zauna da mai lalurar, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila ku kuna lissafin gangare, shi kuwa makunnin fitila yake so a sauko masa da shi kusa da gado.