AIKIN GAYYA: DARASI A KAN HIDIMAR SAMARI DA 'YAN MATA GA GARINSU

Ya kai ɗan'uwa da ka shiga hanyar Almasihu kwanan nan, da kai da ka ke bincike tukuna, wannan darasi naku ne, tun ba samari da 'yan mata masu shekara 13 zuwa 19 ba, da iyayensu kuma. Akwai wata magana da a kan jefi sabon mai bi da ita. A kan ce, "Wane ya fita daga cikinmu, yanzu ba ruwansa da mu." Maganan nan tana da ciwo, gardama kuwa ba ta kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne a ga mai bi ya riga kowa fitowa ran da gari ya ke da aiki. Saboda haka bari mu duba yadda yaro mai bi zai yi wa garinsu hidima da yardar ransa, ba don kuɗi ba.

1. GAYYA BA BAƘUWA BA CE A WURINMU

Kakanninmu sun san gayya. Kadan gona ta fi ƙarfin mai ita, ko ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar damina, sai a kira samari. Su fito da fartanya, makaɗi yana bin su da ganga, mai gona ya kawo fura, kafin azahar an gama noma. Haka a ke ɗora jinka, haka a ke yasar rijiya, haka a ke gyaran hanya. Garuruwa da yawa suna da sarkin samari mai tara su domin irin wannan aiki. A Nijar a kan ce da wannan ƙungiya samariya, gwamnati ma ta farfaɗo da ita a zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wata gayya babba. Sa'ad da Nehemiya ya tarar da ganuwar Urushalima a rushe, ya raba aikin ga mutanen birni. Firistoci sun yi gini, maƙeran zinariya da masu yin turare sun yi, wani shugaba ya yi tare da 'ya'yansa mata. Da yawa sun gyara wurin da ke daura da ƙofar gidansu. Waɗansu manya kuwa suka ƙi sa hannu, an kuma rubuta wannan a kansu har wa yau. Cikin kwana 52 aka gama. Ka lura da wannan: rabonka na ganuwa yana bakin ƙofar gidanku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bangaskiyarka kuwa ba ta cire hannunka daga cikin hannuwan 'yan garinku ba.

2. LABARIN KURKUNU

Watakila za ka ce, "Ni yaro ne, ba ni da kuɗi, ba ni da sarauta, me aikina zai ƙara?" To, tambayi tsofaffin garinku labarin kurkunu.

Ga yadda ciwon ya ke. Mutum ya sha ruwan tafki, a ciki akwai waɗansu ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba, suna ɗauke da 'ya'yan tsutsa. Bayan kamar shekara guda tsutsar ta girma, tsawonta ya kan kai mita ɗaya, sai ta huda fata, galibi a ƙafa, da zafi kamar wuta. Mai ciwo ya tsoma ƙafarsa a tafki domin ya ji sanyi, tsutsa ta zuba 'ya'yanta a ruwa, masu ɗiba su kai gida. Ciwon ya kan kwantar da manomi makonni, sau da yawa a daidai lokacin aikin gona, ya kuma hana yara zuwa makaranta. Ba shi da allurar rigakafi, ba shi da maganin sha, sai dai a riƙa naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan.

A 1986 an kimanta mutum miliyan 3 da rabi ke fama da shi a duniya. Da aka yi ƙirga a Nijeriya a 1988 da 1989, an sami fiye da mutum 650,000. Cibiyar Carter ta Amurka ta taimaki gwamnati, Janar Yakubu Gowon ya zaga ƙauyuka yana gargaɗi, amma ƙashin bayan aikin su ne 'yan sa kai na ƙauye. Su ne suka bi gida gida suna koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, suna hana mai ciwo shiga tafki, suna ɗaure miki, suna rubuta kowane sabon mai ciwo su kai rahoto. Ka tuna kuma, a yawancin gidajenmu mata da yara ne masu ɗebo ruwa, saboda haka tatar ruwan a hannunsu ta ke. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka, yawancinsu a Chadi. Ƙyalle da ƙafa da naciya suka yi wannan, dukansu kuwa kana da su.

3. AYYUKAN DA KE JIRANKA

Na fari, tsabtar unguwa. Kafin damina ta sauka, ku yashe magudanar ruwa, ku cike ramuka, ku kifar da fasassun tukwane da gwangwanaye. Sauro yana ƙwai a ruwan da ya kwanta, cikin mako ɗaya ko biyu ya tashi da fiffike, shi ne kuwa mai kawo zazzaɓin da ke kashe ƙananan yara. A jihohi da dama akwai ranar tsabta sau ɗaya a wata. Kada a fito a tarar kana barci.

Na biyu, taimakon marasa lafiya. Ka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba mai gudawa kaɗan kaɗan, a kuma hanzarta kai shi asibiti. Sa'ad da masu rigakafi suka zo, ka nuna masu gidajen da ke da jarirai. Da irin wannan bin gida gida aka kori shan inna na daji, har aka shaida Afirka ta rabu da shi a 2020.

Na uku, karatu. Kadan ka iya, ka tara ƙanne uku ko huɗu da yamma ka koya masu baƙaƙe da ƙidaya. Ka karanta wa makaho wasiƙarsa, ka duba wa tsohuwa rubutun da ke jikin maganinta.

Na huɗu, gwauraye da tsofaffi. Ɗebo masu ruwa, faskara masu itace, yaɓe katangarsu kafin ruwa ya kā da ita. Ka dasa darbejiya a bakin hanya, ka kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ka shayar da ita har ta tsallake rani.

Kadan kana son horo, akwai ƙungiyoyi. William Alexander Smith ya kafa Boys' Brigade a Glasgow a 1883, tana nan a ikkilisiyoyi da yawa tare da Girls' Brigade. Akwai 'yan Sikawut, akwai Red Cross mai koyar da taimakon farko. In babu ko ɗaya a garinku, abokai biyar da shebur biyu sun isa a fara.

4. SHA'ANIN GARI

A Nijeriya sai mai shekara 18 ya ke jefa ƙuri'a, amma koyon sha'anin gari ba ya jiran wannan rana. Ka san mai unguwarku da dagaci da kansila. Ka zauna a bayan manya ran taron gari ka saurara. In famfon unguwa ya lalace, ku rubuta takarda da ladabi, manya su sa hannu, ku kai inda ya kamata. Amma ka yi hankali da masu ba samari kuɗi da ƙwaya da makami a lokacin zaɓe. Wanda ya mai da kai ɗan banga ba zai aiki ɗansa wurin da ya aike ka ba.

5. KA'IDODI BIYAR

Ka nemi iznin iyayenka, ka gama aikin gida da na makaranta tukuna. Wanda ya share titi ya bar tsakar gidansu da datti ya zama abin dariya.

Ka sanar da mai unguwa kafin ku taɓa abin da ke na jama'a.

Kada ka zaɓi wanda za ka taimaka saboda addininsa ko ƙabilarsa. Ka yashe magudanar ƙofar masallaci kamar yadda za ka yashe ta ƙofar majami'a, kada kuwa ka mai da taimako tarko.

Ka tsare kanka. Ka sa takalmi, ka wanke hannu da sabulu, kada ka shiga rijiya ko rami mai zurfi sai da babban mutum wanda ya san aikin. 'Yan mata su tafi biyu biyu, su komo kafin magariba.

Abin da ka fara ka gama shi, kada ka jira yabo. Ubangijinmu ya wanke ƙafafun almajiransa a cikin ɗaki, ba a bakin kasuwa ba.

Ku iyaye, kada ku hana su. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba ɗebo wa gwauruwa ruwa ba zai bar ku da ƙishi ba ran tsufanku.

TAMBAYOYI

1. Ina ne mutanen Nehemiya da yawa suka yi rabonsu na gini?
2. Da me aka kori kurkunu, tun da ya ke ba shi da magani?
3. Wane tsoho ko gwauruwa ke kusa da gidanku wanda ba shi da mai taimako?
4. Wane aiki ɗaya za ka yi kafin Lahadi mai zuwa, da wa kuma za ka yi shi?

Ka amsa ta huɗu a gaban malaminka, ka kawo masa labari ran Lahadi. Allah ya ba ka ƙarfin hannu da tawali'un zuciya. Amin.