Amsoshin Tambayoyinku: Ƙarfen da ya saki a cikin obin

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ta tarar da wani siririn ƙarfe mai kama da fensir yana reto a cikin obin ɗinta na gas, kuma tun ranar kek ɗinta yake ƙonewa. Shin ta cire shi?

To Hajiya, don Allah kada ki cire. Wannan ƙarfen shi ne ke auna zafi, ya sa a rage wuta idan zafin ya kai ma'aunin da kika saita, misali digiri 180. Mazauninsa yana jikin bangon ciki, galibi daga baya ta sama, inda wasu ƙananan maƙalai ke riƙe da shi. Da ya zame ya taɓa bango ko faranti, awonsa ya rikice.

Ki rufe tukunyar gas, ki zare filogi in akwai, ki bari obin ya huce sarai. Sannan ki mayar da shi cikin maƙalansa a hankali. Siririyar wayar jan ƙarfen da ke bayansa bututu ce mai ruwa a ciki, kada ki lanƙwasa ta. In ta riga ta karye, ko kika ji warin gas, ki dakata da girki, a kira mai gyara.