Keken Yankan Ciyawa Da Yadda Ake Aiki Da Shi

Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar Sabon Birni ko Isa ya san abin da ke jiransa ran da aka komo daga dogon hutu. Watan Satumba ne, damina ta yi nisa, filin ƙwallo da bayan azuzuwa duk ciyawa ta rufe su har gwiwa. Kafin a buɗe littafi sai an raba langalanga da fartanya. Haka abin yake a gidajen malamai da duk gidan da ke da ɗan fili a ƙofarsa.

A nan ne da yawa daga cikinmu suke yin kuskure. Wasu sukan ƙyale ciyawa ta yi tsawo, ta zama mafakar kububuwa da sauro, ƙarangiya kuma ta nuna ta hana yara taka ƙasa. Wasu kuwa sukan sa fartanya su kankare fili tas, suna zaton tsabta ke nan. Alhali kuwa yawancin ƙasarmu jigawa ce, saiwar ciyawa ce ke riƙe da ita. In aka tuge saiwar, ruwan sama ya kwashe ƙasar ya nufi fadamar gulbin Rima da ita, ya bar mana kwazazzabo, abin da ya saura kuma iskar hunturu ta watsa mana shi cikin aji. Ashe ciyawa saisaye take so, ba askin ƙwal-kwabo ba. Wannan kuwa shi ne aikin keken yankan ciyawa.

Wani makanike ne mai suna Edwin Budding ya ƙago shi a shekarar 1830, kusa da garin Stroud a Ingila. A masaƙun garin akwai injin da ke aske gashin da ya taso a kan yadin ulu, sai ya ga cewa abin da ya aske yadi zai iya aske fili. A 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya fara ƙera shi don sayarwa. Kafin nan da wani irin dogon lauje Turawa suke wannan aiki.

Ƙirarsa ba ta da wuyar ganewa. Yana da ƙafa biyu da doguwar mariƙa. Tsakanin ƙafafun akwai wuƙaƙe kamar biyar a murɗe, an jera su sun yi siffar ganga. A ƙarƙashinsu akwai wata wuƙa guda miƙaƙƙiya wadda ba ta motsi. In ka tura, ƙafafun su juya haƙoran ƙarfe da ke cikinsu, haƙoran su juya gangar, ciyawa ta shiga tsakanin wuƙa mai juyawa da ta ƙasa, a datse ta. Watau dai almakashi ne aka sa wa ƙafa. Langalanga dukan ciyawa yake yi, ya farfasa bakin ganye. Keke kuwa yanka yake yi sumul, don haka ganyen yakan warke da wuri. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba ya damun masu karatu da ƙara. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ba sai an gaya wa kowa darajar abin da ba ya shan mai ba.

Ga ƙa'idodin aiki da shi.

Da farko, a bi fili a tsince duwatsu da ƙirare da waya da leda. Tsakuwa guda ta isa ta yi wa wuƙa giɓi.

Na biyu, a jira raɓa ta bushe. Jiƙaƙƙiyar ciyawa kwantawa take yi, ta kuma toshe gangar.

Na uku, kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda. In ta kai inci 3, a mai da ita inci 2. Mun koya a darasin aikin gona cewa a ganye tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana. Wanda ya ƙwace masa ganye duka, ya sa saiwarsa yunwa.

Na huɗu, a yi tafiya madaidaiciya, ba gudu ba, kowane layi ya ɗan hau kan wanda ya gabace shi. A tsakiyar damina a yi haka sau ɗaya a mako.

Na biyar, in an gama a goge wuƙaƙe, a ɗiga musu mai, a ajiye keke a inda ruwa ba ya taɓa shi. Yashi shi ne babban abokin gābarsa a wajenmu, don yana dakusar da wuƙa, saboda haka a ɗaga gangar kada ta riƙa cin ƙasa. In kana so ka san ko yana da kaifi, sa 'yar takarda tsakanin wuƙaƙen ka juya gangar a hankali, kana kula da yatsunka. In ya yanke ta, lafiya lau. In ya tauna ta, sai a ɗan ɗaure kusoshin da ke matso da wuƙar ƙasa.

Amma fa kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ba ya iya gamba ko kyasuwa ko tafasa da suka riƙa, kwantar da su kawai zai yi ya wuce. Irin waɗannan sai lauje da langalanga tukuna. Ciyawar da ta fi dacewa da shi ita ce kiri-kiri, mai yaɗo a ƙasa. Yawan saisaye yana ƙara mata kauri, da rani ta bushe, ruwan fari na sauka ta farfaɗo. Ƙarangiya kuwa da iri take komowa kowace shekara, in ana yanke ta kafin ta yi 'ya'ya, baɗi sai ta ragu.

Abin da aka yanka ma ba shara ba ne. Gajeren a bar shi a wurin ya ruɓe ya zama taki. Dogon a shanya shi a inuwa ya zama ingirici, tumaki da jajayen awakinmu su ci da bazara. Cinna masa wuta hasara ce biyu, ga ta abincin dabba ga ta ƙasa.

Gaskiya ne ba kasafai ake ganin wannan keke a garuruwanmu ba. To, 'yan'uwana ɗalibai, ko da keke ko babu, ƙa'idar ɗaya ce. In langalanga ne a hannunka, ɗaga shi kamar faɗin yatsu uku daga ƙasa, ka yanke ganye ka bar saiwa, kuma kada ka jira sai ciyawa ta kai gwiwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Filin da muka kiyaye yau, a kansa ƙannenmu za su buga ƙwallo gobe.