Kek Mai Hawa Biyu da Ɗanɗanon Chapman: Shawarwari ga Uwargida a Arikya

A wuraren biki a Lafiya akan ga Chapman a manyan kofuna, jan lemon nan da ake haɗawa da Fanta da Sprite, da yankan lemu da kokwamba a samansa. Masu yin kek a ƙasashen Turai kan ari ɗanɗanon abin shansu mai barasa su sa a kek. Mu ba mu da buƙatar haka. Da zoɓo da citta da lemun Binuwai da ake kawowa ta hanyar Makurɗi, uwargida za ta fitar da kek mai ƙamshin Chapman a tsakar gidanta, ko da wutar lantarki ko babu.

1. Ki fara da sanin abin da ba zai shiga ba. Masu haɗa Chapman a otal kan ɗiga masa Angostura, ƙaramar kwalbar nan mai ɗaci, kuma kashi 44.7 cikin ɗari na ruwanta barasa ce. Za ki ji ana cewa wuta na ƙone barasa. Ba ta ƙone ta duka. Saura na zama a cikin kek. Ɗan ɗacin da ake nema, ɓawon lemu da kanumfari sun isa su ba ki shi.

2. Kada ki juye lemon kwalba cikin kwaɓi. Nan mata da yawa ke asarar ƙwai da fulawa: kwaɓin ya yi ruwa, kek ya fito da danƙo a tsakiya, ɗanɗanon kuma ya bi iska. Ɗanɗano a ruwan shayar da kek ɗin yake, wanda za ki dafa daban. Ki wanke zoɓo cikin hannu biyu, ki tafasa da ruwa kofi biyu, da citta ɗanya gwargwadon babban yatsa, da kanumfari ƙwaya huɗu. Ki tace, ki zuba sukari rabin kofi da ruwan lemu biyu, ki mayar kan wuta kaɗan-kaɗan har ya ƙone zuwa kamar kofi ɗaya. Alamar ya yi: in kin tsoma cokali kin ɗaga, zai lulluɓe bayansa, ya sauka a hankali. Sai ki sauke, ki matse rabin lemon tsami, ki bar shi ya huce sarai.

3. Awo ɗaya ne mai sauƙin riƙewa: bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai manya huɗu ko ƙanana biyar, bekin foda ƙaramin cokali biyu, da ɗan gishiri. Wannan zai cika gwangwanin gashi biyu masu faɗin inci 8. Ƙaramin sikeli ya fi gwangwanin madara gaskiya, domin fulawar da aka danna da wadda aka tankaɗe ba nauyinsu ɗaya ba.

4. Kafin ki buga bota, ki goga ɓawon lemu biyu a kan sukarin, ki murza da yatsu har ya yi damshi ya ɗauki launi. Bayan ɓawon kaɗai za ki goga; farin da ke ƙarƙashi ɗaci ne zalla. Sannan ki buga bota da sukarin har su yi fari su tashi, ki riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Da fulawa ta shiga, ki sassauta hannu. Yawan juyi bayan nan shi ke sa kek tauri.

5. Zoɓo ba ya jituwa da kanwa ko bekin soda. Da sun haɗu, jan ya dushe ya koma toka-toka. Shi ya sa ba na goyon bayan zuba shi cikin kwaɓi don neman launi.

6. In babu oban, tukunya da yashi sun wadatar. Ki zuba busasshen yashi mai tsabta a babbar tukunya, kaurin yatsa uku, ki rufe, ki bar shi a kan gawayi minti 15 ya ɗauki zafi. Ki aza duwatsu uku ko ƙaramin murfi a kan yashin, gwangwanin ya zauna a kai ba tare da ya taɓa gindi ba. Ki rage garwashin ƙasa, ki ɗora kaɗan a kan murfi, don saman ma ya gasu. Minti 20 na farko kada ki buɗe, komai ɗokinki, in ba haka ba tsakiyar za ta faɗa. Daga minti 30 ki soka tsinke. In ya fito a bushe, ya yi. Mai oban ta saita digiri 180, minti 25 zuwa 30.

7. Ki bari ya huce, ki yanke tudun saman da doguwar wuƙa ya daidaita. Ki sossoke shi da tsinke, ki riƙa zuba ruwan zoɓon da cokali, huɗu zuwa biyar a kowane hawa. In kin wuce haka, zai jiƙe ya rushe wajen ɗorawa.

8. Kirim: bota giram 150, sukarin kwalliya mai laushi 300, da cokali biyu ko uku na ruwan zoɓon, wanda zai ba shi launin ruwan hoda ba tare da kalar kanti ba. Amma ki yi la'akari da zafin Fabrairu da Maris a ƙasar Lafiya. Kirim mai bota ba ya jure rana. A irin wannan lokaci ki shafa shi siriri tsakanin hawa biyun kawai, da sassafe, ki ɗiɗɗiga sauran ruwan zoɓon a sama. Ni na fi son sa haka, domin tsamin ya fi fitowa.

9. Kokwamba da yankan lemu na ado sai baƙi sun zauna za ki jera su, don suna tsatso ruwa. In babu firji, ki yanka kek ɗin ki raba wa maƙwabta kafin dare, kada ya kwana.