Ƙarshen Hanyar Santiyago: Bagade da Bakin Teku

Darasinmu na wannan wata zai kai mu ƙasar Sifen, birnin Santiyago de Kwamfostela, inda Kiristoci suke zuwa ziyarar ibada da ƙafa yau shekara fiye da 1,000. Tambayar da za mu bincika ita ce: a ina ne irin wannan tafiya take ƙarewa?

ASALIN ZIYARAR

Littafin Ayyukan Manzanni 12:1-2 ya nuna mana yadda Sarki Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Shi ne na fari cikin manzanni da ya ba da ransa saboda bishara. Bisa ga tsohuwar al'adar Ekklesiyar Sifen, almajiransa sun kai gawarsa yankin Galisiya a jirgin ruwa, aka kuma gano kabarin a ƙarni na 9. An fara gina majami'ar yanzu a 1075, aka keɓe ta a 1211.

Hanyar da aka fi sani tana tasowa daga gindin duwatsun Firenis a Faransa, wajen kilomita 780, tafiyar wata ɗaya ko fiye. Wanda ya yi aƙalla kilomita 100 da ƙafa zuwa Santiyago, da niyyar ibada, akan ba shi takardar shaida. A 2023 mutum fiye da 440,000 ne aka rubuta isowarsu.

MISAR MAZIYARTA

Da tsakar rana akan yi Misa domin waɗanda suka iso, a ambaci ƙasashensu da wuraren da suka taso. Maziyarci yakan hau bayan bagade ya rungumi siffar Manzo, ya sauka ƙasa ya yi addu'a a gaban akwatin azurfa da aka ajiye ƙasusuwan, ya kuma furta zunubansa ga Fada. A manyan ranakun idi mutum 8 sukan ja igiyar babban kaskon turare mai nauyin fiye da kilo 50, yana lilo daga wannan gefen majami'a zuwa wancan. Zabura 141:2 ta kwatanta addu'a da turare mai tashi gaban Ubangiji. Wanda ya tsaya ɗaukan hoton kaskon, ya fita kafin a karɓi Jikin Almasihu, ya ga hayaƙi ne ya bar wuta.

BAKIN TEKU

Da yawa sukan ƙara kwana 3 ko 4, wajen kilomita 90, zuwa Finistera a gaɓar Tekun Atlantika. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa ƙarshen ƙasa, gama mutanen dā sun ɗauka babu wata ƙasa bayanta. A can akwai alamar kilomita 0 kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Arewa da ita akwai Mushiya, da majami'ar Maryamu a kan duwatsun gaɓa, wadda ta ƙone ran Kirsimeti na 2013 aka sāke gyara ta.

Babu laifi a wannan yawon buɗe ido. Mutumin da ya tsaya inda ƙasa ta ƙare, ya ga rana tana faɗuwa cikin ruwa marar iyaka, yakan san ƙanƙantarsa da girman Mahaliccinsa. Amma teku halitta ce. Ba ta gafarta zunubi, ba ta kuwa ciyar da rai. A dā waɗansu sukan ƙone tufafinsu a kan duwatsun a matsayin alamar sabon rai. Hukuma ta hana saboda gobara. Tsohon hali kuwa tuba ce kaɗai take ƙone shi.

DARASI DOMINMU

Mu tuna da almajirai biyu a hanyar Imuwasu (Luka 24:13-35). Sun yi tafiya da Yesu ba su gane shi ba, sai a wurin gutsuttsura gurasa. Nan da nan kuma suka koma Urushalima suka ba da labari. Haka tsarin kowace ziyarar ibada yake: hanya, sa'an nan bagade, sa'an nan komawa gida da sabuwar zuciya. Ko maziyarci ya ga teku kafin Misa ko bayanta, bagade ne maƙasudin tafiyarsa, gidansa kuma shi ne wurin da za a gwada ta.

Ƙofa Mai Tsarki ta Santiyago za ta kasance a buɗe a 2027, domin idin Yakubu, 25 ga Yuli, zai faɗo ran Lahadi. Yawancinmu ba za mu je ba. Duk da haka kowace Lahadi muna takawa zuwa ga Almasihun nan ɗaya da ake karɓa a can.

TAMBAYOYI DON ZUMUNTA

1. Me muke nema sa'ad da muka tashi zuwa wurin ibada?
2. Wane nauyi ne ya kamata mu sauke a wurin furta zunubi kafin mu matso bagade?
3. Bayan Misa, wane canji iyalinmu da maƙwabtanmu suke gani a gare mu?

Yakubu Manzo Mai Tsarki, ka yi addu'a dominmu. Amin.